Mamman Sani, mai kiɗan da kowa ya sani

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku tuna baya. Ana gama labaru a gidan rediyon ƙasa, kafin wani shiri ya soma, sai wani kiɗa ya shigo a hankali. Ba gurmi ba ne, ba goge ba, ba algaita ba. Ba muryar mutum ciki. Dattawa da yawa sun san shi, amma ƙalilan ne suka san mai shi. Sunansa Mamman Sani.

An haife shi a Akara, ƙasar Gana. Yana yaro iyayensa suka taho da shi Nijar. Da ya girma ya yi aiki da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A wajen wani taro ne ya gamu da wani wakilin ƙasar Ruwanda mai wani abin kiɗa ƙirar Italiya, ana ce masa Orla. Mamman Sani ya saya.

Wannan abin kiɗa akwati ne mai dannoni farare da baƙaƙe a jere. Ba fata, ba tsirkiya, ba a busawa. Wutar lantarki ce ke fidda sauti in an danna, kuma cikinsa akwai wata na'ura mai buga ganga da kanta.

Kayan na Turawa ne, amma ba kiɗan Turawa ya zauna yi ba. Ya ɗauko waƙoƙin gargajiya, har da na Fulani Wodaabe da na Abzinawa, ya sa su cikin akwatin. Shi ya sa makiyayi kan ji abin ya ce ai ya san wannan, ko da bai taɓa ganin lantarki ba. Ni a ganina nan ne gwanintarsa take: bai cika ado ba, ya bar waƙar tana tafiya sannu kamar garke mai komawa gida da maraice.

A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa a Yamai. Aka ɗauki kiɗan, aka yi kaset da haɗin kan ma'aikatar al'adu. Kaset wajen 100 kaɗai aka buga. Ɗari fa, ga ƙasa duka! Kiɗan yana yawo a rediyo da talabijin shekara da shekaru, kaset kuwa ya ɓace.

Sai bayan shekara fiye da 30 wani Ba'amurke mai neman tsofaffin waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya tarar da guda a gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Ya nemi mai shi, ya same shi. A 2013 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya sake buga kiɗan a faifai. Daga nan aka gayyaci Mamman Sani Turai, ya zauna gaban jama'a ya kaɗa musu waƙoƙin makiyayan Nijar.