Magini Ya San Ramin, Iyalin Gida Ba Su Sani Ba

A Barkin Sale da ke Minna da maƙwabtanta irin su Kpakungu da Sauka Kahuta, gini ba ya tsayawa. Wani yana kafa tushe, wani ya kai linta, wani kuma yana rushe tsohon ɗakin ƙasa don ya tayar da na bulo. A cikin wannan hidima akwai wata ɗabi'a da ba a faɗinta a bainar jama'a, amma duk wanda ya san aikin gini ya san ta. Idan aiki ya iso ɗakin maigida, sai ya ja birkila gefe ya ce a bar masa wuri. Wani rami yake so a ƙarƙashin tayil ɗin da gado zai hau kai. Wani a fafe masa bango a bayan durowar kaya, a shafe a yi fenti kamar babu komai. Wani kuma kafinta zai sa ya bar 'yar ƙofa a silin. Abin da ake zubawa a ciki sananne ne: damman kuɗi, gwal ɗin uwargida, takardun fili da na gida. Ba sabon abu ba ne, domin kakanninmu ma sun binne wuri da azurfa a tukunya. Sai dai wuri da azurfa ba sa ruɓewa, kuma mai tukunyar da hannunsa yake haƙa raminsa. Mu kuwa takarda muke binnewa, da hannun ɗan kwangila, sannan mu ɓoye wa mutanen da za su gaje mu.

A fara da ƙasar kanta. Damina a Minna takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma a Agusta da Satumba ƙasa takan ƙoshi da ruwa har ta riƙa mayarwa. Shaidar tana jikin gidajen unguwa: fentin da ke kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, da farin gishirin da ke fitowa a gindin bango. Abin da ke tare wannan laima shi ne ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba kankaren daɓe, ga wanda ma ya shimfiɗa ta, don da yawa sukan ce ɓarnar kuɗi ce. To wanda ya sa aka fasa daɓe aka haƙa rami ya huda wannan kariya da kansa, ya buɗe wa laima da gara hanya har tsakiyar ɗakinsa. Takardun naira 5 zuwa 50 na leda ne, amma babu mai binne su. Waɗanda ake binnewa, wato 200 da 500 da 1,000, takarda ce da ke shan laima, ta yi funfuna, ta manne da juna, gara kuma ta same ta abinci. Ƙulla su a baƙar leda ba ya hana komai, sai ma ya tara musu gumi a ciki. An ga ƙarshen wannan a fili. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin waɗannan takardu uku, yana cewa daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Ba a jima ba hotuna da bidiyo suka cika Facebook da WhatsApp na damman kuɗin da aka tono, sun yi baƙi, sun dunƙule, wasu ana shanya su a rana. Aka yi dariya aka wuce. Ba a ɗauki darasi ba. Kuɗin da ya yage ana iya kai shi banki a nemi canji, amma wanda ya zama dusa ko toka babu teburin da za a kai shi.

Masu gudun ƙasa sai su hau sama, garin gudun gara su tarar da zago. Tsakanin kwano da silin wuri ne da zafin Maris da Afrilu ke dafa duk abin da aka ajiye, wurin ɓeraye ne, kuma nan wayoyin wutar gidan suke bi. Gobarar da waya ta haddasa sau da yawa daga can take tashi, kenan an ɗora dukiya a daidai inda wuta za ta fara ci. Kuma duk ranar da fanka ta tsaya ko kwano ya fara yoyo, baƙo ne zai hau can da tocila. Fafe bango ma yana da nasa haɗari. Bulo mai inci 9 yana da rami a ciki, shi ya sa mutane ke ganin an riga an yi musu rabin aiki. Amma akwai masu sa a sassaƙe ginshiƙi ko a yanke rodi don akwatin ƙarfe ya zauna daidai, a gidan da watakila gobe za a ɗora masa bene. Birkilan da ya yarda ya yi wannan don kuɗin yini ɗaya ba ya kwana a ƙarƙashin wannan rufin. 'Ya'yan maigida ne ke kwana.

Duk wannan ɓarna ce ta kuɗi, kuma kuɗi ana sake nemansa. Takardun fili ne abin tsoro. Filaye da yawa a unguwanninmu ba su da takardar mallaka ta gwamnati wadda ake nema a hukumar filaye ta NIGIS. Abin da ke hannun mai gida bai wuce yarjejeniyar ciniki ba, rubutun biro, da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa, kuma kofi ɗaya tak. Mai sayarwa ya rasu, shaidu sun tsufa ko sun bar gari. Idan laima ta cinye tawadar wannan takarda, ranar da wani ya fito ya ce filin na kakansa ne, da me za a je gaban alƙali? Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayu 2025, wadda ta hallaka mutum sama da 150 a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ta nuna yadda ruwa ke zuwa cikin dare ba tare da sallama ba. Wanda ya samu ya tsira da ransa a irin wannan dare ba shi da lokacin janye gado ya ɗaga tayil. Ba sai an kai ga irin wannan bala'i ba ma. Kwata ɗaya ta toshe da shara, ruwa ya shigo ɗaki zuwa idon sawu na awa guda, ramin ya cika.

Babban abin da ke ba ni haushi a wannan al'amari shi ne yadda ake raba sirrin a juye. A ƙirga waɗanda suka san wurin: birkila ya sani, yaron da ke miƙo masa siminti ya sani, mai tayil ya sani don shi aka ce ya bar guda ɗaya ba a manne ba, mai waldan da ya ƙera akwatin ya san girmansa, mai fenti ma ya lura. Ba cewa ake yi magina ɓarayi ne ba, yawancinsu masu neman halal ne. Amma mutum biyar da suka san abu suna da abokan hira, kuma magana takan fita a teburin mai shayi ba tare da mugun nufi ba, a matsayin labarin wayon Alhaji. Sannan a ƙirga waɗanda ba su sani ba: matar da ke kwana a kan ramin, babban ɗa, da ɗan'uwan da za a kira ranar rabon gado. Mutuwa ba ta ba da sanarwa, hatsarin hanyar Bida ko ta Suleja ba ya jira mutum ya yi bayani, shanyewar jiki kuma takan ɗauke harshe ta bar mutum yana kallon iyalinsa yana nuni da ido. Daga nan sai a shiga abin da aka saba gani. Kowa ya san marigayi yana da kuɗi, ba a ga kuɗin ba, sai zargi ya tashi. 'Ya'yan uwargida su ce amarya ce ta kwashe, dangin miji su ce matan sun haɗa baki, a rantse da Alƙur'ani, zumunci ya tsinke, alhali dukiyar tana nan taku biyu daga inda ake rigimar. Marayu su bar makaranta saboda kuɗin zango. Masu bin marigayi bashi su zo a ce babu, nauyin ya ci gaba da zama a wuyansa. Ƙarshe a sayar da gidan a raba kuɗin, wanda ya saya ya zo gyara ya ci karo da abin da ba nasa ba, in mai tsoron Allah ne ya dawo da shi, in ba haka ba shi ke nan. Musulunci ya kwaɗaitar da rubuta wasiyya, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mutum ya ji wannan a wa'azi ya gyaɗa kai, ya koma gida ya rufe haƙƙin magadansa da siminti.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Za su ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sun tuna farkon 2023, lokacin da mutum yana da kuɗi a asusu amma ya yini a layin banki bai samu na cefane ba, masu POS suna sayar masa da kuɗinsa. Sun tuna an soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni 2024. Wasu kuma gudun kuɗin ruwa suke yi. Sai dai a duba da kyau. Wahalar 2023 ta fi faɗa wa wanda ya tara tsofaffin takardu a gida, shi ne ya riƙa rawar jiki kafin wa'adin daina karɓarsu na 31 ga Janairu da aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Dattawa sun ga irinta a Afrilun 1984, da aka sauya launin kuɗi aka ba da wa'adin da bai wuce mako biyu ba. Game da rushewar banki, hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a 2024 daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Gaskiya ne masu sama da haka a Heritage sun sha jira, amma suna da takarda da ofishin da za su je su yi ƙorafi, abin da mai ramin da gara ta shiga ba shi da shi. Mai gudun riba kuma yana da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki tun 2012, da TAJ. Ga kuma hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 a ƙididdigar hukuma. Ko laima ba ta taɓa damin ba, abin da zai saya yana raguwa kullum yana kwance.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. A jihar da ta ga sace ɗalibai a Kagara da Tegina a 2021, babu mai yi wa wani dariya idan ya ce yana tsoron a kama shi a duba wayarsa a ga saƙon banki. Maganin wannan shi ne babbar ajiya ta zauna a asusun da saƙonsa ba ya shigowa wayar da ake yawo da ita. Rami ba ya maganin mai makami, domin wanda aka ɗora wa ɗansa bindiga da kansa zai janye gadon. Jita-jitar cewa akwai kuɗi a gida ma ita ce ke gayyato su. Akwai kuma masu cewa in mace ta sani kuɗin ya ƙare, in 'yan'uwa suka ji roƙo ba zai tsaya ba. To ba a ce a yi shela ba. Mutum ɗaya amintacce ya isa, kuma ba dole ya san adadi ba. Wanda ya ce duk cikin matansa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa da limamin masallacinsu babu ko ɗaya da zai amince wa, amma ya amince wa birkilan da ya haɗu da shi watan jiya, ya kamata ya sake lissafi.

Wanda ya ga lallai sai ya yi ma'ajiya a gida, ya yi ta da hankali. Kada ta kasance a ƙasa ko a silin ko jikin bangon banɗaki da na waje da ruwan sama ke duka. Bangon ciki ne, sama da ƙugu, nesa da waya da bututun ruwa, kuma ba a taɓa ginshiƙi ko linta. Ƙaramin akwatin ƙarfe mai jure wuta, wanda aka ɗaure da ƙusa a cikin durowa bayan ma'aikata sun gama sun tafi, ya fi ramin da aka haƙa a gaban leburori. Kuɗin da za a sa kada ya wuce na larurar dare, kamar asibiti ko tafiyar gaggawa, kuma a riƙa buɗewa ana dubawa, musamman a tsakiyar damina. Gwal ya fi jure ajiya, amma a rubuta na wace ce, don kada sarƙar mace ta shiga rabon gadon miji. Man fetur ko wani abu mai kamawa ba shi da wuri a irin wannan ma'ajiya ko kaɗan, kuma duk wani ɓoyayyen wuri da yaro zai iya shiga ya rufe kansa dole a iya buɗe shi daga ciki.

Takardu kuwa, tun yau a fito da su daga inda suke. A yi musu kofi biyu ko uku, a ɗauki hotonsu da waya a tura wa wanda aka yarda da shi, kofi ɗaya ya kwana a wani gida daban. Wanda ke riƙe da yarjejeniyar biro kaɗai ya fara bin hanyar samun takardar gwamnati tun shaidunsa suna raye. Sannan a ɗauki takarda a rubuta: akwai ajiya a wuri kaza, ina bin wane, wane yana bi na, abu kaza amanar wane ce. A sa kwanan wata da hannu, a liƙe a ambulan, a ba mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba, da sharaɗin kada a buɗe sai ta Allah ta kasance ko ciwo ya hana magana. Duk lokacin da aka sauya wurin ajiyar ko aka biya wani bashi, a karɓo ambulan ɗin a sake rubutawa.