Ƙaramin faifai, babban kaya: rage wa kwamfuta nauyi a Dakoro

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke isowa Dakoro ta hanyar Maraɗi na hannu ne, sun ga jiya sun ga yau. Wasu ƙanana faifan ajiyarsu giga 32 ne kacal. Nan matsalar take, domin tun 2019 kamfanin Microsoft ya sa giga 32 a matsayin mafi ƙarancin wurin da Windows 10 ke buƙata, Windows 11 kuwa da ta fito a 2021 sai da giga 64. Kafin mai irin wannan kwamfutar ya ajiye takarda ɗaya, babbar manhajar ta cinye wurin.

Mai gyaran da ya san aikinsa yakan yi abin da mai amalanke ke yi idan kaya ya fi ƙarfin jaki: ya sauke abin da ba dole ba. Yakan fara da jakar Windows.old, ragowar tsohuwar manhaja da ke zama bayan sabuntawa, wadda kan riƙe giga masu yawa. Sai ya cire harsunan da ba a amfani da su, da wasannin da suka zo tare da na'urar. Akwai kuma umarnin CompactOS, wanda ke matse fayilolin manhajar su ba da wuri.

Abu ɗaya ke son nazari, wato fayil ɗin hiberfil.sys, inda kwamfuta ke juye aikin da ake ciki idan batir ya kusa mutuwa. Kashe shi na samar da wuri, amma a garin da wuta ke ɗaukewa, ga batir ya tsufa, sakataren da ke buga wa jama'a takardu zai iya rasa aikin yini.

Haɗari mafi girma yana cikin Windows ɗin da wasu suka yayyanke ake yawo da ita a filashi. Tana da sauƙi, amma sau da yawa an cire mata mai gadin ƙwayoyin cuta da hanyar sabuntawa. A shagon da filashin kowa ke shiga, wannan ganganci ne. Ballantana Windows 10 ita kanta Microsoft ya daina tallafa mata kyauta tun 14 ga Oktoba 2025.

Mafita mai tsabta ita ce dangin Linux marasa nauyi, irin su Lubuntu, ko Puppy Linux da Barry Kauler ya ƙirƙira a Ostareliya a 2003, wadda ke tashi daga filashi. Kyauta ne, kuma manhajar LibreOffice da ke aiki a kansu na buɗe takardun Word. A dai gwada na'urar buga takardu tukuna.

Don haka mai saye ya tambayi girman faifai kafin ya tambayi kuɗi, mai gyara kuma ya kwashe wa mutum takardunsa kafin ya goge komai.