Farin Yauƙi a Murfin Baƙin Mai: Injin Iska da Injin Ruwa a Ƙasar Arewa

Idan mai mota ya kwance murfin baƙin mai ya tarar da wani farin abu mai yauƙi ya manne a cikinsa, maganar da takan fara zuwa bakinsa ita ce ruwa ya shiga inji. Kuma gaskiya ya faɗa, domin farin abin nan ruwa ne da mai suka cakuɗe har suka kama juna. Abin da ya rage a sani shi ne ta ina ruwan ya biyo, kuma a kan wannan tambaya kuɗin gyara yake tsayawa. Amsarta tana bin irin injin da aka buɗe, ko mai shan ruwa ne ko mai shan iska.

Dukkansu biyu sun yi zamani a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni. A ɓangaren ruwa akwai Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta daɗe tana harhaɗawa, sannan Toyota da ta gaje ta a tashoshin mota. A ɓangaren iska akwai Volkswagen mai ƙusumbi, wadda ita ma a 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas, da 'yar uwarta Kombi, da Citroën 2CV ta Faransa da aka yi ta ƙerawa daga 1948 zuwa 1990. Mai ƙusumbin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko ranar 30 ga Yulin 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Yau sai a wuni a bakin titi ba a ga ko ɗaya ba. Amma injin iska bai bar Arewa ba. Shi ne a ƙarƙashin ɗan kabu-kabu, shi ne yake jan ruwa a lambunan dankalin turawa da albasa na Dallol Mawri, shi ne ƙaramin janareta a shagon mai cajin waya. Saboda haka maganar tsohuwar Volkswagen magana ce da ta shafi gidaje da yawa daga Matankari har Tibiri.

Injin iska ba shi da lagireto, ba shi da famfon ruwa, ba shi da wata hanyar ruwa da ta kewaye silinda. Haƙarƙarin ƙarfe ne a jikin silinda da kanta, iska tana bi ta tsakaninsu tana kwashe zafi. To ina ya samo ruwa? Shi yake yin abinsa. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa guda a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, shi ya sa ake ganin salansa tana ɗiga da sanyin safiya. Amma ringin fistin ba ya toshe silinda ɗari bisa ɗari, ko da sabo ne, balle wanda ƙurar shekaru ta cinye. Wani kaso na hayaƙin yakan sulale ƙasa zuwa cikin tukunyar mai, da tururinsa. Idan injin ya ɗauki zafi sosai, man ya kai maki 80 zuwa 100 ya daɗe a haka, tururin yakan fice ta bututun numfashin injin ba tare da kowa ya sani ba. Idan kuwa an kashe injin tun bai gama ɗumama ba, sai tururin ya nemi wuri mafi sanyi ya kwanta, kamar yadda gumi yake taruwa a cikin murfin tukunyar tuwo. Gobe a sake, jibi a sake, ruwan ya haɗu da feshin mai, sai ga farin yauƙi.

A Volkswagen wurin nan mafi sanyi sananne ne. Bakin zuba mai yana kan wata ƙafar ƙarfe da ke ɗauke da dinamo, can sama, nesa da zafin silinda, a inda iska take kaɗawa. Ana iya samun yauƙi cike da murfi alhali man da ke ƙasa lafiyarsa lau. Waɗanda suka ƙera motar sun san da haka, shi ya sa suka sa bututun numfashi a gefen bakin man, da wani bututu da ya sauka ƙasa domin ruwan da ya taru ya tsiyaye. Idan laka ko daskararren mai ya toshe su, tururi ya rasa mafita.

Wani zai ce ai wannan ciwon ƙasashen sanyi ne, me ya kawo shi ƙasar da rana take narka kwalta? Wanda ya kwana a Dogon Dutsi a watan Janairu ba zai yi wannan tambaya ba. Da hunturu ƙarfen da ya kwana a waje yakan yi sanyin da hannu ba ya son taɓawa da asuba. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, iskar kanta a jiƙe take, injin da ya huce da dare yakan shaƙi wannan laima ta bututun numfashinsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda abin yake samu. Ɗan kabu-kabun da ke wuni yana kai da kawowa da wuya ya ga farin yauƙi, domin injinsa ba ya hucewa tsakanin safe da magariba. Injin ban-ruwan da ke yin sa'o'i yana ruri a lambu shi ma haka. Wanda yake gani shi ne dattijon da ke tattalin motarsa ko babur ɗinsa, daga gida sai masallaci, daga masallaci sai majalisa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Yana ganin ya hutar da injin, alhali ruwa yake tara masa.

Maganinsa ba ya buƙatar a kwance ko da ƙusa ɗaya ta kan silinda. A goge murfin, a buɗe bututun numfashi a wanke, a juye mai tun yana da zafi, sannan a ba injin tafiya mai tsawo, ko da daga Dogon Dutsi ne zuwa Kore Mairuwa a dawo. Bayan mako guda a sake dubawa. Sai dai ban yarda da masu cewa ba komai ba ne a ƙyale shi ba. Volkswagen lita 2.5 kacal ta mai take ɗauka, kuma ba ta da matatar mai ta takarda, sai 'yar rariya a ƙasan tukunya, shi ya sa ake juye manta duk kilomita 5,000. A ɗan wannan mai, ruwa kaɗan ma yana da tasiri. Ruwan yakan haɗu da dattin ƙonewar fetur ya zama tsami mai cin ƙarfe, kuma gangar jikin injin Volkswagen da haɗin maganiziyam aka zuba ta, ƙarfen da ruwa ke rarakewa idan ya kwanta a kansa. Babur kuwa abin da yake ɗauka bai wuce kimanin lita guda ba. Ciwon yana da saurin magani, amma idan aka bar shi shekara da shekaru zai ci injin a hankali.

Injin ruwa labarinsa daban. Shi ma yana iya yin wannan gumin na gajeriyar tafiya, amma yana da wata ƙofa ta biyu, kuma ita ce abin tsoro. A cikinsa ruwa da mai maƙwabta ne, kowa da hanyarsa, abin da ya raba su a saman silinda gaskit ne siriri. Idan mota ta tafasa sau ɗaya ko biyu, kan silinda ya ɗan karkace, gaskit ya ƙone, sai ruwan lagireto ya samu hanyar gangarawa cikin mai. A 504 mai fetur akwai ƙarin wata kafa, domin silindojinta rigunan ƙarfe ne da ake zurawa a cire, ruwa yana kewaye da su kai tsaye, kuma abin da ya toshe gindinsu yana iya saki. Ruwan da ya zo ta wannan hanya ba ɗigo-ɗigo yake zuwa ba. Mai da ya sha ruwa haka ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe, sai metal ya cinye, inji ya fara buga ƙwanƙwasa. Motar haya da ta taso daga Tibiri cike da fasinja da buhuna a wannan hali tana iya rasa injinta kafin ta kai Doso.

Ganewa ba ta da wuya ga wanda ya yi haƙurin dubawa. A zaro sandar awon mai. Idan murfi ne kaɗai ya yi fari amma man da ke jikin sanda baƙi ne ko garau, gumi ne. Idan man sandar ma ya yi fari-fari, ko ya haura layin da aka cika shi, ruwa ne mai yawa. Sai a duba lagireto da safe kafin a tayar da mota: yana raguwa kullum ba tare da an ga inda yake yoyo ba? Akwai maiƙo a saman ruwan? Idan an tayar, kumfa tana tasowa? Salansa tana ci gaba da farin hayaƙi bayan mota ta yi zafi? Akwai kuma gwaji biyu da ba sa cin ko dala. A ɗiga man a kan ƙarfe mai zafi, idan da ruwa a ciki zai yi ta tartsatsi. Ko a bar motar ta kwana, a sassauta ƙusar juye kaɗan, ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara fitowa.

Abin da yake damuna shi ne yawancin matasan da ke garejin yau a kan Toyota suka koyi aiki, kuma a can an koya musu cewa farin murfi gaskit ne. Sai a kawo musu injin da babu ko cokalin ruwa a tsarinsa, su ce, "Alhaji, sai an buɗe kai." A kwance lafiyayyen inji, a ɗaure shi ba da ma'aunin da ya dace ba, a mayar wa mai shi da yoyon da bai zo da shi ba, farin yauƙin kuma ya dawo bayan mako biyu tunda ba a taɓa sanadinsa ba. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi tsada. Mai Toyota ya ji an ce wa maƙwabcinsa mai babur gumi ne kawai, sai ya goge nasa murfin ya ci gaba da lodi.

Akwai yanayi guda da injin iska shi ma yake shiga haɗarin gaggawa, wato idan ruwan daga waje ya zo. A watan Agusta, lokacin da koramu ke gangarowa daga duwatsu zuwa cikin Dallol Mawri, mai babur yakan kutsa ruwa har ya shanye injin. Yaro mai wanki yakan ɗora tiyo a kan bakin mai. Injin ban-ruwa yakan zame ya faɗa rami, ko a bar shi a fili damina ta wuce ta kansa. A nan man gaba ɗaya yake yin fari, kuma ba a jira. A juye nan take, a zuba sabo, a tayar ya yi zafi, a sake juyewa.

Wata al'ada ta haɗa injunan biyu, kuma ina ganin ta fi kowace jawo wannan matsala. Da mota ta shigo daga Turai, abin da ake fara yi shi ne a cire mata tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Aikinsa kuwa shi ne ya tare ruwa kada ya zaga lagireto sai inji ya kai zafin aikinsa, wajen maki 80 zuwa 90. Volkswagen ma tana da irin nata, da wasu 'yan ƙofofi a cikin rumfar fanka da ke rage iska har injin ya ɗumama, kuma su ma cirewa ake yi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe yana aiki cikin sanyi duk safiyar hunturu, ya ƙara shan fetur, ya ƙara tara gumi. Idan mota tana tafasa, laifin yawanci na lagireton da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa da gishiri ne, ko fanka, ko murfin lagireto da ya daina riƙe iska.

Idan aka ce in zaɓa wa ƙauyen da ke nesa da gareji, kamar na can wajen Dankasari ko Dumega, injin iska zan zaɓa, kuma dalilina yana cikin murfin nan. Laifinsa ɗaya ne a wannan fanni, ana gane shi da ido, ana gyara shi da tsumma da litar mai. Ba na ɓoye rauninsa. Bazara ce abokiyar gabarsa. A Afrilu da Mayu, da zafi ya haura maki 40, iskar da ake so ta sanyaya shi ita ma wuta ce. Ƙura ta haɗu da yoyon mai ta toshe haƙarƙarin silinda, zafi ya rasa mafita. A Volkswagen bel ɗaya ne ke juya dinamo da fanka, idan ya tsinke jar fitila ta kama direba bai tsaya ba, 'yan mintoci sun isa su gasa injin, kuma babu tururin lagireto da zai tashi ya gargaɗe shi. Injin ruwa ya fi shi riƙe zafi daidai, ya fi shi shiru, ya fi shi jure babban lodi a doguwar hanya, shi ya sa motocin haya duk suka koma gare shi. Amma yana neman ruwa mai tsabta, da tiyo mai kyau, da makaniki mai ma'aunin ɗaure kan silinda, kuma ba a kowace kasuwar ƙauye ake samun waɗannan ba.

Don haka mai babur ko injin ban-ruwa a Arewa yana da aiki biyu a shekara. Kafin bazara ya wanke haƙarƙarin silinda ya toshe duk yoyon mai. Da hunturu da damina kuma ya riƙa leƙa murfin, idan ya ga fari ya duba sandar awo kafin ya bari kowa ya ɗauko sifana.