Me ya sa kalma guda daga babban bankin Amurka ke girgiza kamfanonin fasaha?

Ranar 26 ga watan Agusta 2022, Jerome Powell, shugaban babban bankin Amurka da ake kira Fed, ya yi wani jawabi da bai kai minti goma ba a Jackson Hole. Bai ƙara kuɗin ruwa ba a ranar, bai rage ba. Ya dai ce za a ci gaba da matse bakin aljihu har tsadar rayuwa ta lafa. Kafin a tashi kasuwa, ma'aunin Nasdaq, inda manyan kamfanonin fasaha suka fi yawa, ya faɗi da kusan kashi 4 cikin 100.

Kwamitin Fed na zama sau takwas a shekara a Washington don tsai da farashin kuɗin ruwa. Tsakanin zama da zama, masu zuba jari ba su da aiki sai hasashe: suna bin alƙaluman tsadar kaya da na rashin aikin yi, suna auna kowace kalma ta shugabannin bankin. Shi ya sa sau da yawa ranar sanarwa kasuwa ba ta motsi sosai, don an riga an saye, an sayar a kan zato. Abin da ke girgiza ta shi ne a zo da saɓanin abin da aka zata.

To, me ya sa kamfanonin fasaha suka fi jin jiki? Wanda ya sayi hannun jarinsu, galibi ribar shekaru masu zuwa yake saye. A ɗauka an yi wa mutum alƙawarin jika 100 nan da shekara goma. In kuɗin ruwa kashi 1 ne, darajar wannan alƙawari a yau ta kai kusan jika 90. In ya hau kashi 5, sai ta sauko wajen jika 61. Alƙawarin bai canza ba, jiran ne ya yi tsada. Ga kuma takardun bashin gwamnatin Amurka da ke ba da riba mai kyau ba tare da kasada ba, sai masu kuɗi da dama su koma can.

An ga haka ƙarara. Bayan tsadar rayuwa ta kai kashi 9,1 a watan Yuni 2022, Fed ya ci gaba da hawan da ya fara a watan Maris daga kusan sifiri, har ya kai kashi 5,25 zuwa 5,5 a Yuli 2023. A 2022 Nasdaq ya yi asarar kusan kashi ɗaya bisa uku, Meta mai Facebook da WhatsApp kuwa sama da kashi 60.

Sai dai lissafin ba ya fita daidai kullum, kuma masu sharhi kan manta da wannan. A 2023 kuɗin ruwa na can sama, amma Nasdaq ya haura da fiye da kashi 40, saboda rububin ƙirƙirarriyar basira bayan fitowar ChatGPT. Darajar Nvidia ta kai dalar Amurka miliyar 1000 a shekarar. Ragin da aka daɗe ana jira bai zo ba sai Satumba 2024.

Ɗan kasuwar Maradi ko Damagaram ba shi da hannun jari a Nvidia, amma iskar na kaɗowa har nan. In Fed ya ƙara kuɗin ruwa, dalar Amurka kan yi ƙarfi. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, kowane yuro guda a kan faran 655,957. Da yuro ya faɗi ƙasa da dala guda a Satumba 2022, dalar ta haura faran 670, kuma duk mai shigo da shinkafa, alkama ko wayoyin salula da ake biya da dala sai da ya ƙara sefa a kan kaya iri ɗaya.