Kyautata Zato: Abin da Wani Dattijon New Bell Ya Koya Mana

Duk wanda ya bi ta wajen masu shimfiɗa littattafai a bakin titin Akwa zai ga irin littattafan nan masu cewa tunanin mutum shi ne arzikinsa. Babbansu shi ne na wani fasto ɗan Amurka, Norman Vincent Peale, wanda ya fito a 1952, aka kuma fassara shi da Faransanci. Samarinmu masu takardun shaida, waɗanda rashin aiki ya mayar 'yan bensikin, suna saye suna karantawa. Sukan tambaye mu, mu malaman makaranta: shin da gaske ne in mutum ya sa wa ransa zai samu, to zai samu?

Da wannan tambaya muka nufi zauren wani dattijon malami a unguwar Hausawa ta New Bell, wanda a hannunsa muka yi karatun allo kafin mu shiga boko. Bayan gaisuwa muka ce, Allah gafarta Malam, ina matsayin wannan magana?

Malam ya ce, yarana, rabinta gaskiya ce, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ya tuna mana cewa Manzon Allah (SAW) yana son kyakkyawar kalma, ya kuma hana camfi, kuma Bahaushe ya daɗe yana cewa fata nagari lamiri. Ya ce ita kanta unguwar nan shaida ce. A zamanin Jamusawa, dab da yaƙin 1914, aka ware New Bell a bayan gari, nesa da unguwar Turawa. Nan baƙi irin kakanninmu fatake suka sauka, cikin taɓo da sauro. Da baƙin zato suka zo da shi, da ba su kafa masallaci da kasuwa ba.

Sai muka ce, to ina ɗaya rabin? A nan ne Malam ya gyara zama. Ya ce mu tuna shekarar 1993, lokacin da aka zabge albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Magidanci ya kwana da kuɗinsa, ya wayi gari ba sa sayen abin da suke saye jiya na kayan waje. Shin, in ji Malam, mugun tunani ne ya jawo wa malamin makaranta wannan? Ko kuwa 'yan kasuwar Kongo da gobara ta cinye wa rumfuna a 2019, rashin kyakkyawar fata ne ya kunna musu wuta? Ya ce illar waccan koyarwa ke nan: in ka yarda tunani ne kaɗai ke kawo samu, to dole ka yarda duk wanda ya faɗi shi ya jawo wa kansa. Daga nan sai tausayi ya fita daga zuciya, mai hali ya daina duba maƙwabcinsa.

Bisa ga bayaninsa, kyautata zato hawa uku ne. Na farko ga Allah, shi kuwa ba shi da iyaka, amma a ɗaure raƙumi tukuna kafin a yi tawakkali, kamar yadda hadisi ya koyar. Na biyu ga mutane: ka ɗauki ɗan'uwanka mutumin kirki, amma in bashi ya shiga tsakaninku a rubuta, a kafa shaidu, gama Alƙur'ani da kansa ya yi umurni da haka. Na uku ga kai: kada yaro ya ce shi daƙiƙi ne don ya faɗi jarrabawa sau ɗaya. Ya ƙara da cewa waɗanda suka miƙe bayan 1994 ba zama suka yi suna ƙirga miliyoyi a zuci ba. Adashi suka shiga, matansu suka kama sana'ar ƙosai da ɗinki, 'yan'uwa suka tallafa.

Mu da muke tsaye gaban allo kullum mun san wannan hawa na uku. Yaron da aka saba ce masa ba zai iya ba, yakan ajiye alƙalami tun ba a gama karanta tambaya ba. Wanda kuma aka cika da yabo ba tare da an duba littafinsa ba, ranar BEPC yakan sha mamaki. Saboda haka muna kira ga iyaye: a gaya wa yaro zai iya, sannan a zauna a ga aikin gida ya kammala. Samari kuma su karanta littattafansu, ba laifi, amma su tuna zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya sa mu dace, amin.