Na'urar karatu mai babban allo: hajar da masu sayenta ba su da yawa

Kowane ɗan kasuwa ya san akwai hajar da ba ta da ciniki sosai, amma mai bukatarta sai ya neme ta ko ina take. Haka zancen yake ga na'urar karatu mai babban allo.

Ƙaramar na'ura, wadda allonta bai wuce santimita 15 daga kusurwa zuwa kusurwa ba, ta isa ga mai karanta labari, domin rubutun yana bin girman allo. Amma littattafan likitanci, na injiniya da na shari'a galibi a tsarin PDF suke, inda shafi ba ya sauyawa. In aka matse shafin A4 cikin ƙaramin allo, jadawali da zane sai su ƙanƙance har ido ya kasa.

Kamfanoni sun gwada sa'arsu. A 2009 Amazon ya fito da Kindle DX mai allon kusan santimita 25, a kan dalar Amurka 489. Ɗaliban jami'ar Princeton da suka gwada shi sun koka da wahalar yin rubutu a gefen shafi. A 2010 iPad ya shigo kasuwa da kusan wannan farashi, ga launi ga sauri. A shekarar ne kamfanin iRex na ƙasar Holan ya karye.

Amma bukata ba ta mutu ba. A 2013 Sony ya kawo allo mai kusan girman A4 tare da alƙalami. reMarkable na Norwe ya biyo baya a 2017, Amazon kuma ya dawo da Kindle Scribe a 2022. Alƙalamin nan shi ne ya toshe ƙorafin ɗalibai.

Tsada dai tana nan, kuma dalilinta a fili yake: kusan dukan allunan daga kamfani guda suke fitowa, wato E Ink na Taiwan, kuma masu saye kaɗan ne, saboda haka kuɗin ƙira bai raguwa.

Ga malami ko ma'aikaci a Yamai ko Damagaram, inda wuta ke yawan ɗaukewa, amfanin a bayyane yake: allon ba ya cin wuta sai lokacin juya shafi, batir yana daɗewa, kuma ana karatu ko cikin rana tsaka. Ɗan kasuwa kuwa, kafin ya zuba jarinsa, ya fara sanin mai saye. Wannan haja ta oda ce, ba ta tarawa a shago ba.