Me Ke Tsofar da Tanar Roba ta Masunta?

A shekarar 1949 ne Nick Creme, mutumin jihar Ohayo ta Amurka, ya ƙera tanar roba da ake maƙala wa ƙugiya don yaudarar kifi. Da robar PVC ake yin ta, wadda asalinta tauri gare ta. Wani sinadari mai maiƙo ne ke tausasa ta. Sai dai bai ɗauru da robar ba. Yau da gobe yakan tsatso waje, zafin rana kuwa na gaggauta hakan, har tanar ta yi danƙo, ta ƙanƙance, ta tsage. Maganinsa shi ne a bar ta cikin ledarta ta asali, a inuwa, kowane launi daban, domin rini na zuba. Wadda ta lalace kuma kada a jefa ta ruwa: kifi na haɗiye ta, cikinsa kuwa ba ya narkar da ita.